Dikoda mai rikodin ko na'urar naɗa mai zaman kanta: wacce za ka kai gida?

Azumin bara Hajiyarmu ta sa ni a gaba. Tashar da take sauraron tafsiri a kai ta mayar da karatun bayan la'asar, daidai lokacin da take tsakanin tukunyar kunu da kaskon ƙosai. Ina shigowa rannan ta ce, "Kai da kullum kake taɓe-taɓen wayoyi, babu wata dabara da za a riƙe min karatun nan sai na idar da asham?" Na ce akwai, Hajiya. Alhali ban san wacce ba.

Washegari na shiga kasuwar Sabon Gari na ce ina neman DVR, wato na'urar naɗar bidiyo. Mai shagon bai yi wata-wata ba ya sauko da wani akwati, ya ce, "Kyamara nawa za ka ɗora, Alhaji, huɗu ko takwas?" Ashe a Kano in ka ambaci wannan sunan, na'urar kyamarar tsaro ake ɗauka kana nufi. To, ka kiyaye: in abin naɗar shirin talabijin kake so, ce musu mai rikodin tasha, ko ka ce PVR, don shi ne rubutun da za ka gani a jikin kwalin dikoda da risiba.

Na'urorin nan gida biyu ne. Akwai wadda aka haɗe ta da abin kamo tauraron ɗan'adam a akwati guda, wayar dish na shiga ta baya, ita ke kamo tashar, ita ke naɗewa. Wannan gidan ya rabu biyu, dikodar kamfani da ake biya wa kuɗin wata, da risiba ta tashoshin kyauta mai ƙofar USB. Sai kuma mai zaman kanta, wadda ba ta kowane kamfanin tasha ba ce, aikinta kawai ta naɗi abin da aka ba ta. Ita ce jikar bidiyo mai kaset da muka taso da shi. A Amurka aka fara sayar da irinta a 1999, lokacin da TiVo da ReplayTV suka fito, sai daga baya kamfanonin dish suka ga abin ya karɓu suka cusa shi cikin dikodojinsu.

Abin da za ka auna kafin ka ciro kuɗi

Tambayar farko, daga ina shirin da kake son naɗewa yake zuwa? Ƙwallon Ingila a tashar da aka kulle daban, tafsiri a tashar kyauta daban, labaran ARTV ko NTA Kano ta eriya daban. Wannan kaɗai kan kashe rabin gardamar, domin babu na'urar da ke naɗar abin da ba za ta iya buɗewa ba.

Ta biyu, kana so ka naɗi wata tasha alhali yara na kallon wata? Amsar tana ga wani ɗan sashe a cikin akwatin da ke kamo tasha, ni zan kira shi kunne. Akwati mai kunne ɗaya tasha ɗaya yake saurara a lokaci guda. Mai biyu ko fiye shi ne ke raba aiki.

Ta uku ita ce wadda mutane ba sa yi sai sun ƙone: abin da ka naɗa, naka ne? Za ka iya zare shi ka kai ɗaki, ka tura wa ƙanwarka da ke aure a Haɗeja, ka ajiye shi shekara goma? Ko kuwa yana nan ne muddin kana biya? A wurina nan ne ainihin bambancin yake. Wata na'urar an yi ta ne don jinkirta kallo, wata kuma don ajiya. Wanda ya sayi ta jinkiri yana nufin ajiya, ya yi asara ko da hotonta ya fi na kowa kyau.

Sauran kuma sanannu ne. Kuɗi, na ranar saye da na wata-wata. Juriyar wutarmu da zafinmu da ƙurarmu. Da sauƙin sarrafawa, wato shin dattijuwa za ta iya danna rimot ta ga abinta ba tare da an kira wani daga majalisa ba.

Dikodar kamfani mai rumbu a ciki

Wadda aka fi sani a nan ita ce Explora ta DStv. Ta farkon ta fito a 2013 da rumbun ajiya, wato hadi-disk, mai tera 2 a cikinta. Gaskiya ɗaya ce, wajen daɗin amfani babu mai kama ƙafarta. Ka buɗe jadawalin shirye-shirye, ka ga wasan da za a buga ranar Asabar, ka danna maɓalli ɗaya, shi ke nan. In shiri mai dogon zango ne, ka ce ta riƙa naɗe kowane kashi da kanta. Ana cikin wasa aka kira salla, ka tsayar da hoton, ka je masallaci ka dawo ka ɗora daga inda ka tsaya. Wanda ya san yadda wasannin yammacin Asabar ke karo da la'asar, da yadda na dare ke faɗowa kan lokacin da mutum bai rufe shago ba, ya san darajar wannan.

Hoton kuma ba ya raguwa ko kaɗan. Dalili shi ne dikodar ba ta sake sarrafa komai, saƙon da ya sauko daga tauraro shi take zubawa a rumbu yadda ya zo. Abin da ka gani kai tsaye shi za ka gani gobe. Tana da kunnuwa fiye da ɗaya, don haka maigida na naɗar ƙwallo yara na kallon katun, babu rigimar rimot.

Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. Abin da ka naɗa a kulle yake da wannan dikodar. Ba ya fita zuwa filash, ba ya buɗuwa a kwamfuta. Aikin naɗar ma yana da nasa kuɗin wata a kan kuɗin tashoshin da ka zaɓa, in ka daina biya ƙofar ta rufe. In dikodar ta mutu aka musanya maka da wata, duk abin da ke cikin tsohuwar ya tafi da ita. Wannan ba lalacewa ba ce, haka aka tsara ta, saboda masu haƙƙin ƙwallo da finafinai ba su yarda a kwashi kayansu ba.

Wajen haɗawa ma tana da nata sharaɗin. Ba kowane LNB, ɗan kan nan da ke gaban kwanon dish, ke iya ciyar da kunnuwa da yawa ba. Explora na bukatar irin wanda suke kira Smart LNB, kuma dish ɗin ya fuskanci tauraron Eutelsat da ke digiri 36 gabas daidai wa daida. Kada ka ba yaron maƙwabta wannan aikin don ya taɓa saita risiba. Nemi wanda ya saba, ka lissafa kuɗin aikinsa da na waya a cikin kuɗin saye.

Ta fi sauran tsada ranar saye, ta kuma fi su tsada a tafiya. Ga hanyar da nake lissafi: duk naira 1,000 da za ka riƙa biya a wata, naira 36,000 ce a shekara uku. Ɗauki kuɗin tashoshi da na naɗa, ka ninka sau 36, ka ɗora kuɗin akwati da na mai haɗawa. Abin da ya fito shi ne farashinta na gaskiya. In dama can kana biyan kuɗin watan saboda ƙwallo, to ƙarin da naɗa ya jawo maka kaɗan ne, lissafin ya yi sauƙi.

Risibar kyauta mai ƙofar USB

Wannan ita ce ke cikin mafi yawan falukan Kano, daga Fagge har Rijiyar Zaki, kuma da yawa masu ita ba su san tana naɗa ba. Irin su Strong da 'yan'uwanta, waɗanda ake saita su kan Nilesat ko Arabsat don tashoshin Harami da na wa'azi da na Hausa. Juya bayanta ko gefenta. In ka ga ƙofar USB, a rimot kuma akwai maɓalli mai jan ɗigo, to akwai yiwuwar abin da kake shirin saye yana gabanka.

Haka ta faru da ni. Bayan na gama zagayen kasuwa, mai haɗa mana dish ne ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Yaya, ai risibar Hajiya tana yi. Filash kawai za ka sa."

Ita ma, kamar dikodar kamfani, saƙon tauraro take zubawa yadda ya zo, don haka hoto ba ya raguwa. Bambancin shi ne tashar kyauta ba a kulle take ba, abin da ka naɗa ma ba a kulle yake ba. Akasari fayil ne mai ƙarewa da TS, ka zare ka sa a kwamfuta, manhajar VLC ta buɗe shi. Babu kuɗin wata. Abin da za ka kashe shi ne na ma'ajiya kawai.

To amma araha ba ta ado, kuma a nan zan ɗan daɗe, don nan ne ramukan suke.

Ramin farko filash. Wanda na fara saya an rubuta giga 64 a jikinsa, kuma da arha har na yi murna. Kwana uku yana karɓar karatu lafiya, a na huɗu Hajiya ta danna sai baƙin allo. Na kai kwamfuta, sunayen fayil suna nan, cikinsu fanko. Irin filashin nan ne da aka yi wa rubutun ƙarya, cikinsa ɗan mitsitsi, in ya cika sai ya riƙa taka na baya. Ko filash na gaskiya ma ba a yi shi don rubutun awa da awanni kullum ba, yana zafi, yana gajiya, mai jinkiri kuma kan sa hoto ya riƙa tsinkewa. Abin da ya fisshe ni shi ne tsohon hadi-disk mai giga 500 da aka ciro daga laftof, na saya masa gida a Beirut Road na jona. Shi ma ka gwada kafin ka biya, domin wasu ƙananan risibobi ba sa ba da isasshiyar wuta ta USB, sai ka ji rumbun yana ƙas-ƙas ya kasa tashi. Irin wannan sai an nemi gida mai nasa cajar.

Rami na biyu tsarin da aka goge ma'ajiyar da shi. Tsohon tsarin nan FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce giga 4. Wasu risibobi kan yanka naɗin gunduwa-gunduwa su ci gaba, wasu kuma su tsaya cak. In taka ta yarda da NTFS, goge rumbun da shi tun farko.

Ga lissafin wuri, don kada a sayar maka da abin da ya fi ƙarfin bukatarka. Tashar da ke zubo megabit 1 a daƙiƙa tana cin mega 450 a awa. Tasha mai hoto na gama-gari da ke tafiya a kan megabit 2 zuwa 3 za ta ci kamar giga 1 zuwa 1 da ɗan ɗori a awa. Mai hoto garau a kan megabit 6 zuwa 8 ta kai giga 3 ko sama da haka. Ke nan tafsirin awa biyu kullum na kwana 30 a tasha ta gama-gari bai wuce giga 60 zuwa 80 ba. Rumbu mai giga 500 ya ɗauki azumi shida bai cika ba.

Rami na uku agogo, kuma shi ya fi ba ni haushi. Tashoshin kyauta da yawa ba sa turo jadawali, don haka da hannu za ka saita, tasha kaza, daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza. Risibar kuwa daga tauraro take ɗaukar lokaci, in ba a gaya mata cewa muna awa 1 gaba da GMT ba, sai ta bi wani agogon. Makka tana gabanmu da awa 2. Na taɓa saita ƙarfe huɗu da rabi, na dawo na tarar da tallan maganin basir na awa guda da rabi. Shiga saitin lokaci ka gyara, kuma duk sanda aka ɗauke wuta aka dawo da ita, leƙa ka tabbatar agogon bai koma wani wuri ba.

Na ƙarshe, akasari kunne ɗaya gare ta. Tana naɗa, ba za ka iya sauya tasha yadda ka ga dama ba, sai dai zuwa waɗanda ke kan firikwensi ɗaya da wadda ake naɗewa, shi ma in risibar ta yarda. A gidan da yara ke da yawa wannan kan zama shari'a.

Mai zaman kanta

Ita ma iri biyu ce, kuma ba su yi kama ba.

Akwai mai kunnenta na eriya, wadda ke kamo tashoshin ƙasa ta zuba a rumbunta. A Turai da Amurka ana amfani da irinta, amma a nan sai da lura, musamman in ta gwanjo ce. Wadda aka yi don Amurka tana jin tsarin watsa tashoshi na ATSC ne, mu kuwa DVB-T2 muke kai, ga shi wutarsu volt 120 tamu 230. Ko ta sha da wuta ba za ta kamo komai ba. Ta Ingila ta fi kusa da mu, amma tsofaffin cikinsu DVB-T kawai suka sani, babu 2 ɗin. An ƙaddamar da sauya tashoshin ƙasa zuwa dijital a Kano a 2021, sai dai na'urar da ba ta kamfani ba tashar da aka bari a buɗe kawai za ta gani. Na StarTimes da GOtv, duk da cewa ta eriya suke zuwa, a kulle suke, sai dikodarsu. Ni dai ba zan ba da kuɗina a kan irin wannan ba sai an jona ta da eriya a gabana na ƙirga tashoshin da ta kamo da idona.

Ta biyun ita ce ta fi amfani a wurinmu. Ɗan akwati ne da ba ya kamo tasha ko ɗaya. Ana shigo masa da hoto ta wayar HDMI ko ta wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya, shi kuma ya naɗe a filash ko rumbu, akasari a MP4 wanda kowace waya ke buɗewa. Ba ruwansa da inda hoton ya fito: risiba, kyamara, kwamfuta, na'urar faifai, ko tsohon bidiyo mai kaset.

Wannan na ƙarshen shi ne abin da babu wata dikoda da za ta yi maka. Gidaje nawa ne a cikin birni ke da kwali cike da kaset na bikin iyaye, da walimar saukar Alƙur'ani, da hawan Daushe na shekarun baya, zaren yana ta mannewa saboda zafi? Ka samo bidiyon da ke aiki, ka jona wayar mai kai uku, ka kunna. Kaset mai lamba E-180 awa 3 ne, kuma awa 3 ɗin za ka zauna, babu gaggawa a ciki. Amma in ka gama, fuskar kakarka ta koma waya, ta shiga hannun jikoki.

Wajen naɗar tasha kuwa, nan rauninta yake. Abin da ke kan allo shi take ɗauka, babu ƙari babu ragi. Dole risibar ta kasance a kunne kuma a kan tashar. Yaro ya zo ya sauya, ta bi shi. Wani ya ƙara murya, sandar muryar ta fito a cikin naɗin har abada. Ba ta san jadawali ba, ba ta san shiri ya fara ko ya ƙare ba. Na'ura biyu, rimot biyu, soket biyu. Ba abin da za ka bar wa Hajiya ba ne ka tafi kasuwa.

Hoton ma sai ta sake matse shi kafin ta ajiye, don haka ko yaya sai ya ɗan ragu. Sannan akwai wani makulli da ake kira HDCP da ke tafiya a cikin wayar HDMI. Dikodojin biya suna amfani da shi, kuma aikinsa ke nan, ya hana naɗa. Ka jona sai ka ga baƙin allo. Ta waya mai kai uku hoton kan wuce, amma ya koma irin na da, layi 576, wanda a babbar talabijin ta bango sai ka ga kamar an shafa masa man shanu. Wanda ke tunanin zai sayi wannan akwati ya kwashe tashoshin biya da hoto garau, ya sake lissafi. Kuma ko da ya samu hanya, naɗa don kallon gida daban, kwafa don sayarwa ko haskawa a gidan kallo daban. Akwai dokar haƙƙin mallaka ta 2022, kuma mu a garin nan mun ga yadda satar fasaha ta durƙusar da masu shirya finafinanmu, ba sai an ba mu labari ba.

Farashin mai zaman kanta matsakaici ne, sau ɗaya za ka biya. Sai dai kasuwarta cike take da marasa suna, kuma in ta lalace ba kowane mai gyara ne ya san cikinta ba.

| Ma'auni | Dikodar kamfani | Risibar kyauta | Mai zaman kanta |
|---|---|---|---|
| Abin da take naɗa | Tashoshin kamfaninta | Tashoshin kyauta na dish | Duk abin da aka jona mata, ban da mai makulli |
| Kuɗin saye | Mai yawa | Kaɗan | Matsakaici |
| Kuɗin wata | Akwai | Babu | Babu |
| Kyan hoto | Kamar kai tsaye | Kamar kai tsaye | Yana ɗan raguwa |
| Kallon wata tasha ana naɗar wata | Eh | Da ƙyar | A'a, in ta waya ce |
| Saita lokaci | Daga jadawali | Akasari da hannu | Da hannu |
| Fitar da naɗin | Ba ya fita | Yana fita | Yana fita |
| Babban haɗari | Daina biya ko mutuwar akwati | Filash na jabu, agogo | Baƙin allo, kayan gwanjo |

Wuta, zafi da damina

Waɗannan ba sa zaɓe, duk ukun suke duka, amma ba daidai ba. Hadi-disk faifai ne da ke juyawa a guje, kuma ba abin da ya tsana kamar a yanke masa wuta yana tsakar rubutu. Sau ɗaya ba komai, amma yau da gobe sai ya fara cin fayil. A risiba, in rumbu ya mutu ka zare ka sa wani. A dikodar kamfani yana ciki, sai an kai ta wurinsu. Saboda haka wanda zai sayi mai tsadar ya haɗa da ƙaramin UPS ko ya ɗora ta a kan inbata, kada ya ce sai daga baya. Ƙananan risibobi da yawa kuwa da wuta mai volt 12 suke aiki ta caja, suna zama lafiya a kan batirin sola, kuma wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce a unguwar da wuta ke zuwa kamar baƙo. Naɗin da aka saita ba ya faruwa in akwatin a mace yake, kowace iri ce.

Zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake haura digiri 40, shi ma yana kashe rumbu. Al'adarmu ta lulluɓe kayan kallo da ƙyalle mai ado saboda ƙurar hunturu tana da dalili, amma a cire ƙyallen in akwatin na aiki. Kada a ɗora shi a kan wata na'ura mai zafi, kada a kulle shi a cikin durowar gilas.

Damina kuma ta masu dish ce. Hadari mai nauyi na Agusta yana toshe sigina, in ta ɗauke ana cikin naɗa to wannan gurbin ya tafi, a dikoda ko a risiba. Iskar farkon damina kan karkatar da kwano in ba a ɗaure shi da kyau ba. In ana tsawa, zare wayar dish da ta wuta, domin ta nan take shigowa.

Wa ya dace da wacce

In ƙwallo ce damuwarka, kana biyan kuɗin wata dama, kuma abin da kake so shi ne ka dawo daga Kantin Kwari ko Singa da dare ka kalli wasan da aka buga kana shago, ɗauki dikodar kamfani. Wasan da ka san sakamakonsa ba ka sake kallonsa, don haka kullewar ba ta rage ka da komai ba. Haka gidan da ke da mutane da yawa da talabijin ɗaya, kunnuwan nan sun biya kuɗinsu.

In tafsiri ne, ko wa'azi, ko shirye-shiryen Hausa na tashoshin kyauta, kuma kana so su zauna, duba risibar da ke gabanka tukuna. Sayi hadi-disk mai kyau, gyara agogo, gwada naɗin minti goma ka buɗe a kwamfuta kafin ka dogara da ita. In taka ba ta da USB, sabuwa mai yi ba ta kai kuɗin wata biyu ko uku na manyan tashoshin biya ba. Kafin ma ka sayi komai, leƙa YouTube ko Facebook na tashar, wasu suna ɗora shirinsu bayan an gama. In sau ɗaya ne a mako, data ta fi sauƙi. In kullum ne awa biyu, rumbu ya fi.

In kana da tsofaffin kaset, ko kana ɗaukar karatu a masallaci ko makarantar Islamiyya da kyamara kana so ya fito a fayil nan take, ko kai mai ɗaukar biki ne, mai zaman kanta ta waya ita ce taka. Ka je da abin da za ka jona mata shagon, a gwada a gabanka, ka duba cewa murya da baki suna tafiya tare.

Mai gidan kallo kuwa, kai tsaye ne kasuwarsa, babu mai biyan kuɗi ya kalli wasan jiya. Kuɗin naɗa gara ya tafi ga batir da fanka.

Masu bukata biyu, ƙwallo ga maigida da karatu ga uwargida, ba sai sun zaɓi ɗaya ba. Gidaje da yawa dama kwano biyu ne a kan rufi. A gidanmu haka aka ƙare, ƙanina na da dikodarsa a ɗakin zaure, risibar Hajiya kuma na falo da rumbunta a ɗaure da roba a bayan talabijin. Na manna farar takarda a kan maɓallin da za ta danna. Yanzu ƙorafinta ɗaya ne, wai in nemo mata hanyar tsallake tallan da ke tsakiyar karatun ba tare da ta wuce fassarar ayar ba.